Yadda ake sa ƙaramin SSD a kwamfutar da ke tuƙa injin CNC

Kwamfutar da ke tuƙa inji ba zaman ofis take yi ba. Tana nan gefen injin sassaƙa katako ko na yanka ƙarfe, ƙasa na jijjiga a ƙarƙashinta, garin katako da na ƙarfe na bin fankarta zuwa ciki, hunturu ya ƙara mata tasa ƙurar, ga ɗaukewar wuta ba sallama. A duk kayan cikinta, tsohon faifai mai juyi, wato HDD, shi ya fi shan wahala. Farantinsa na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar karatu kuma tana shawagi a samansa da tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. Jijjiga kaɗan ta isa ta sa allurar ta goga farantin, daga nan sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas, kwamfuta ta riƙa tsayawa a tsakiyar aiki. SSD, wato faifan da ke ajiye bayanai a guntayen lantarki, ba shi da abin da ke motsi, don haka jijjiga ba ta dame shi ba, wutar da yake ja kuma ba ta wuce wat biyu zuwa uku ba.

Abu ɗaya ya kamata a faɗa tun farko: SSD ba ya ƙara wa inji gudu. Kwamfuta za ta tashi da wuri, fayil zai buɗe nan take, amma saurin yanka yana hannun motoci da direbobinsu. Abin da kake saya shi ne kwanciyar hankali, kuma ba za ka same ta ba sai ka kula da abu uku: dacewar faifan da tsohuwar kwamfutar, wutar da ke ciyar da shi, da kwafin ajiya.

Wane girma, wane iri

Ƙarami ya isa. LinuxCNC da Mach3 manhajojin tuƙa inji ne, ta farko a kan Linux, ta biyu a kan Windows. LinuxCNC 2.9 a kan Debian 12, da duk kayan aikinsa, zai zauna cikin GB 16 har da sarari. Windows XP da Mach3 ba sa cin rabin haka. Fayilolin G-code, wato umarnin da ke gaya wa inji inda zai yanka, rubutu ne zalla, yawancinsu ba sa kai MB ɗaya, sai na sassaƙa mai zurfi da ke kai MB goma-goma. Saboda haka SSD mai GB 120 ko 128 ya wadatar har ya yi yawa.

Mutane na tsoron cewa SSD yana ƙarewa da yawan rubutu. Gaskiya ne, amma a yi lissafi. Kingston A400 da Crucial BX500 masu GB 120 duka an ba su adadin rubutu na TB 40 kafin su gaji. Kwamfutar inji da ke rubuta GB 2 a rana, wanda ma an ƙara mata, za ta yi kwana 20,000 kafin ta cinye wannan adadi, wato sama da shekara 50. Ba gajiyar rubutu ke kashe SSD a wurin aiki ba. Yankewar wuta, zafi, kebul mara kyau da jabun kaya su ne ke kashe shi.

Kafin ka je kasuwa, buɗe akwatin ka ga irin mahaɗin da madabod ɗin ke da shi. In ka ga siririn kebul mai ƙafa 7 da filogin wuta mai ƙafa 15, SATA ne, aikinka ya zo da sauƙi: kowane SSD na SATA mai inci 2.5 zai shiga, ko da fot ɗin na tsohon zubi ne, kuma galibi sabon faifai yana sauko da gudunsa ya daidaita da tsohon fot. In kuwa faffaɗan kebul ne mai kama da ɗamara, IDE ne, kuma iri biyu ne. Mai ƙafa 40 na manyan faifai ne, wutarsa daban take zuwa ta farin filogi mai rami huɗu. Mai ƙafa 44 na faifan laftof ne, kuma ƙarin ƙafafu huɗun nan su ke ɗauke da wutar volt 5. Wannan na biyun yana da haɗari: in ka juya filogin baibai, wuta za ta bi inda ba nata ba ta ƙona faifan nan take. Jan layin da ke gefen kebul kullum yana bin ƙafa ta ɗaya.

Ga mai IDE, hanya uku ce. Ta farko, DOM, ɗan faifai da ake sokawa kai tsaye a fot ɗin IDE ba tare da kebul ba. Ana samun sa daga MB 512 zuwa GB 32 da sama, kuma don irin wannan aiki aka ƙera shi. Ta biyu, katin CompactFlash a cikin adafta, domin katin da kansa yana jin yaren IDE. Ta uku, SSD na SATA ko mSATA tare da adafta mai mayar da shi IDE. Masu guntun JMicron JM20330 ko Marvell 88SA8052 sun fi yawan dacewa. A ganinmu DOM ya fi ga injin DOS, adaftar SATA kuma ta fi ga Windows XP. Katin CompactFlash na kyamara yana gaya wa kwamfuta cewa shi abin cirewa ne, XP kuma ba ya yarda ya ajiye fayil ɗin taimakon RAM a kan irin wannan. Sai an samu katin masana'antu da aka saita ya zama faifai tsayayye. Ƙari a kan haka, wasu adaftocin masu araha ba a haɗa musu layin DMA ba, sai kwamfuta ta maƙale wajen tashi har sai an shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga wajen kunnawa, an mayar da faifan daga DMA, hanyar aika bayanai mai sauri, zuwa PIO mai jinkiri.

A kula da M.2, wato siririn SSD mai siffar kati. Siffa ɗaya ce amma yare biyu: akwai na SATA, akwai na NVMe. Adaftar M.2 zuwa SATA ba za ta taɓa ganin NVMe ba, ko da ya shiga ramin daidai.

Iyakokin tsohon BIOS

Nan ne yawancin masu gyara ke tuntuɓe. Tsofaffin kwamfutoci suna da iyakar girman faifan da za su iya ƙirgawa, kuma iyakar ta danganta da zamanin BIOS ɗin: MB 528, GB 8.4, wajen GB 32, sai GB 137. In ka sa faifan da ya wuce iyakar, ko dai kwamfuta ta tsaya cak wajen gano shi, ko ta nuna girman ƙarya. Mafi muni shi ne ta yi kamar komai lafiya, sai ranar da rubutu ya tsallake iyakar ya dawo ya taka farkon faifan. Dabara mai sauƙi ita ce ka dubi girman tsohon faifan. In yana da GB 160, BIOS ya riga ya haye iyakar 137, ba ka da damuwa. In GB 40 ko 80 ne, tsaya a 120 ko 128. In GB 2 ko 4 ne, nemi DOM mai girma kusa da haka, kada ka yi ƙoƙarin burge injin da babba. MS-DOS 6.22 ba ya iya riƙe yankin faifai ɗaya (wato partition) da ya wuce GB 2, don haka babban faifai ba shi da amfani a wurinsa.

Gwada shi kafin ka amince

Akwai jabun SSD da yawa a kasuwa: kwali mai kyau, suna sananne, ciki kuwa ɗan guntun filashi ne da aka saita ya yi ƙaryar girma. Akwai kuma tsoho da aka goge aka sayar a matsayin sabo. Sa SSD ɗin da ka saya a wata kwamfuta ka duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo a Windows, ko da smartctl -a /dev/sdb a Linux. A wannan rahoton lafiya, wanda ake kira SMART, lamba ta 9 tana nuna awannin da ya yi a kunne, ta 12 yawan kunnawa, ta 241 yawan abin da aka taɓa rubutawa. Sabo ya kamata duk su kasance kusa da sifili. Daga nan cika shi fal da H2testw ko f3write, ka karanta da f3read. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, kuma jabu ba ya tsallake shi. Wannan gwajin yana cika faifan da shara, don haka bayan ka gama, share shi da blkdiscard -f /dev/sdb domin ya koma fanko a idon guntun da ke sarrafa shi. Tabbatar da harafin faifan, wato b ɗin da ke ƙarshen sdb, sau biyu, umarnin ba ya tambaya kuma ba ya dawo da abin da ya share.

Kwafe saitin inji tukuna

Kafin sukurdireba ta taɓa komai, ɗauki filashi ka kwashe abin da ba a saya a kasuwa. A Mach3, kwafe foldar C:\Mach3 gaba ɗaya. A ciki akwai fayil na XML mai saitin motoci da ƙafafun fot, da foldar macros, da lasisin Mach1Lic.dat. A LinuxCNC, kwafe foldar linuxcnc da ke gidan mai amfani, inda fayilolin ini da hal suke, da teburin kayan yanka tool.tbl, da fayil na var mai riƙe da sifilin aiki na G54 da 'yan'uwansa. Sannan shiga BIOS ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, musamman yanayin SATA, yanayin fot ɗin firinta da adireshinsa, wanda galibi 378 ne.

In injin babba ne na masana'anta, lura cewa ba duk saitinsa ke kan faifai ba. Na'urorin Fanuc, misali, suna riƙe saiti a ƙwaƙwalwar da batir ke raya ta, kuma ana fitar da shi ne ta hanyar na'urar da kanta. Wasu manhajojin kuma sun ɗaure lasisinsu da lambar faifan, ta yadda ko an kwafe komai sak za su ƙi buɗewa. Tambayi dillalin injin kafin ka fara.

Kwafin faifai

Yi kwafin a wata kwamfuta in da hali, ko ka tayar da ta injin daga filashi mai manhajar kwafin faifai, Clonezilla ko SystemRescue. Fara da lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL ka rubuta a takarda wane ne tsoho, wane ne sabo. Kuskuren da ya fi kowane ciwo a wannan aiki shi ne juya su, a kwafe fanko a kan mai kaya.

In tsohon faifan lafiyarsa ƙalau, Clonezilla ya isa. Fara ɗaukar hoton faifan zuwa wani faifai na waje, sannan ka zuba hoton a kan SSD. Ta haka kana da kwafi biyu tun ranar farko. In kuwa ya fara ƙara ko yana tsayawa, kada ka gudanar da chkdsk ko wani gyara a kansa, domin wahalar na iya ƙarasa shi. Yi amfani da ddrescue. A ce tsohon shi ne sda, sabon sdb: zagaye na farko ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb taswira.map, wanda ke kwashe wuraren masu lafiya da sauri ya tsallake masu ciwo. Zagaye na biyu ddrescue -f -r3 /dev/sda /dev/sdb taswira.map, ya koma kan masu ciwon sau uku. Ajiye fayil ɗin taswirar a filashi, domin in wuta ta ɗauke aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Dole sabon ya kai tsohon girma ko ya fi shi. In tsohon GB 160 ne, ƙara kuɗi kaɗan ka sayi 240 ya fi sauƙi da aminci a kan matse yanki. In tsohon 80 ne sabon 120, za ka ga GB 40 a ƙarshe babu kowa a ciki. Bar shi haka, kada ka faɗaɗa. Guntun SSD yana amfani da wannan fili wajen jujjuya rubutu, kuma shi ne maganin babbar matsalar XP da DOS: ba su san TRIM ba, wato umarnin da ke gaya wa SSD cewa an share fayil. Sai daga Windows 7 aka sa shi. Ko sabon girkawa za ka yi, bar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba tare da yanki ba.

Akwai maganar daidaita farkon yanki. XP yana fara yankinsa a sekta ta 63, sababbin manhajoji a ta 2048, wadda ta fi dacewa da yadda SSD ke rubutu. Za ka gane naka a msinfo32: 32,256 tsohon tsari ne, 1,048,576 sabo. In sabon XP za ka girka, yanka yankin da GParted tukuna sannan ka girka a ciki. In kwafi ne kuma yana tashi lafiya, shawararmu ka ƙyale shi. Matsar da yankin na iya hana XP tashi, ribar kuma a kwamfutar da ke rubuta abu kaɗan ba ta taka kara ta karya ba.

Ɗaurawa a cikin akwati

Kashe wuta, zare filogi, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta zube, sannan ka taɓa jikin akwatin kafin ka ɗauki faifan. A lokacin hunturu iska a bushe take, tartsatsin da ke fita daga yatsa ya isa ya lalata guntu.

Ɗaure SSD da sukurori M3 guda huɗu a kan maƙalin inci 2.5 zuwa 3.5. Kada ka bar shi yana reto a jikin kebul don ka ga ba shi da nauyi; faifan zai jure jijjiga, amma mahaɗinsa na roba ba zai jure ba. Sayi kebul ɗin SATA mai ɗan maƙullin ƙarfe a kai, gajere, santimita 30 zuwa 50, ka ɗaure shi da igiyar roba. Nisanta shi da wayoyin sifindul (motar da ke juya bakin yanka), na motoci da na inbatar sifindul, in kuma dole su haɗu, su gitta juna a giciye, kada su jera. A injin plasma wannan ba abin wasa ba ne, domin tartsatsin kunna wutar yanka yana watsa hayaniyar lantarki mai ƙarfi. Ga IDE, sa kebul mai waya 80, tsawonsa kada ya wuce santimita 46, ka saita ɗan maɓallin adafta a kan Master.

Auna wutar volt 5 da mita, tsakanin jar waya da baƙa, kwamfuta tana kunne. Ya kamata ta tsaya tsakanin 4.75 da 5.25. SSD na inci 2.5 a kan wannan layi kaɗai yake rayuwa, kuma tsohuwar fawa mai kumburarrun kafasito za ta sa ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Tunda akwatin a buɗe yake, canza batirin CR2032 na madabod. In ya mutu, BIOS yana komawa saitin kamfani, yanayin SATA ya sauya daga IDE zuwa AHCI ko akasin haka, XP ya tarbe ka da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, a yi ta zargin faifan da ba shi da laifi. Bayan canza batirin, mayar da saitin daga hotunan da ka ɗauka.

Saiti bayan tashi

A XP kashe jera fayiloli, kashe lissafa su don bincike, kashe baccin faifai da na kwamfutar baki ɗaya. A Linux ƙara noatime a layin faifan cikin /etc/fstab, ka rage rumbun rahoto da SystemMaxUse=50M a /etc/systemd/journald.conf. Kada ka sa discard a fstab. Akwai fstrim.timer da ke yin TRIM mako-mako, amma in lokacinsa ya yi kwamfuta na kashe, yana rama aikin bayan an kunna ta, wato wataƙila a tsakiyar yanka. Mun fi son a kashe shi, a riƙa buga sudo fstrim -av da hannu sau ɗaya a wata lokacin da inji ke hutawa.

Mai LinuxCNC ya sake gudanar da latency-test bayan canjin, na awa ɗaya aƙalla, yana kwafe manyan fayiloli da jan tagogi don ya matsa wa kwamfutar. In ana fitar da bugun motoci ta fot ɗin firinta, jinkirin da bai wuce maikirosakan 15 zuwa 20 ba yana da kyau sosai, 30 zuwa 50 za a yi aiki da shi a rage gudu, 100 kuwa ya yi yawa. In lambar ta yi muni, dubi saitin tanadin wuta a BIOS da katin hoto kafin ka tuhumi faifan.

Wuta da zafi

SSD yana riƙe da taswirar da ke nuna inda kowane bayani yake a cikin guntayensa. Masu araha ba su da kafasiton da zai ba su damar ƙarasa rubutu in wuta ta yanke, don haka yankewa a mummunan lokaci na iya ɓata fayil, wani sa'in ma taswirar kanta, faifan ya ɓace daga BIOS gaba ɗaya. Inda ake sauyawa daga wutar Nefa zuwa janareta sau uku a yini, UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ba ado ba ne. Mai VA 650 zuwa 1,000 ya isa kwamfuta da allonta kaɗai. Kada a ɗora masa sifindul. Batirinsa na volt 12 yana saurin gajiya a zafi, don haka gwada shi duk wata uku: zare filogi ka ga minti nawa zai riƙe.

UPS yana zuwa da tarko ɗaya. In wuta ta ɗauke, motoci sun tsaya amma kwamfuta tana raye tana ci gaba da ƙirga taku, lambobin da ke allo sun rabu da inda injin yake a zahiri. Haɗa wata rile daga wutar direbobi zuwa layin tsayawar gaggawa, domin manhaja ta tsaya tare da motocin, kuma bayan dawowar wuta a mayar da kowane layin motsi na injin gida, wato mafarinsa, kafin a ci gaba.

SSD na kasuwa an yi shi ya yi aiki daga digiri 0 zuwa 70. A bazarar Kano ko Maraɗi zafin waje na haye 40, rufaffen akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kwano kuma ya ɗara haka nesa. Sa fanka mai tura iska ciki ta bayan matata, a wanke matatar duk mako a lokacin ƙura. Lamba ta 194 a SMART tana nuna zafi, amma wasu masu araha ba su da ma'aunin, kullum 30 ko 40 za su nuna maka; in lambar ba ta motsi safe da rana, kada ka yarda da ita.

Faifai na biyu

HDD yakan yi ƙara ya ba da sanarwa kafin ya mutu. SSD sau da yawa shiru yake tafiya: jiya lafiya, yau babu. Saboda haka sayi biyu iri ɗaya. Bayan injin ya yi mako yana aiki daidai, kwafe na ciki a kan na biyun, sa na biyun a injin ka tabbatar ya tashi ya motsa kowane layi, sannan ka rubuta masa sunan inji da kwanan wata, ka sa shi a ledarsa a wuri mai sanyi, ba cikin akwatin injin ba. SSD da ke ajiye babu wuta yana zubar da cajin da ke riƙe bayanai a hankali, zafi kuma yana hanzarta hakan. Ƙa'idar JEDEC ta shekara ɗaya ce a digiri 30 ga faifan da ya cinye adadin rubutunsa. Sake kwafe shi duk wata shida, ka riƙe hoton Clonezilla a wata kwamfutar daban.

Sau ɗaya a wata duba SMART. In lamba ta 199 tana hawa, kebul ne ko hayaniyar lantarki, canza kebul ka sake masa hanya. In ta 5 ce ke hawa, guntayen sun fara lalacewa, sa na ajiya tun kafin ya tilasta maka. In faifan ya koma ana karantawa amma ba ya karɓar rubutu, ya kulle kansa ne don kare abin da ke ciki: kwashe saitin inji da fayilolin aiki a wannan zaman, kafin ka kashe kwamfutar.